Walter Gowans: Bawan Allah Da Ya Yi Shuka Bai Ga Girbi Ba



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya kai wajajen Kura da Kadawa, zai ga abin da ke sa mutum ya yabi Allah. Ko'ina ƙasa ta bushe, amma a nan sai kore shar: tumatir, albasa, alkama, masara da shinkafa, har zuwa Bunkure da Garun Malam. Ruwan da ke shayar da gonakin nan daga madatsar ruwa ta Tiga yake fitowa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Leburori da yawa sun sha rana suna haƙa hanyoyin ruwan nan. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ba kuma wanda ya riƙe sunayensu. Yau saurayi yakan buɗe ruwa ya shiga gonarsa da asuba, ba ya ko tunanin wanda ya yi haƙar.

Haka bishara take a wurinmu. Muna taruwa ran Lahadi, muna karanta Littafi Mai Tsarki da harshenmu, muna raira waƙoƙin yabo da Hausa, amma akwai waɗanda suka fara haƙa hanyar, suka mutu tun ruwa bai zo ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Walter Gowans, saurayin da ya rasu yana da shekara 26, aka binne shi a Girku, cikin ƙasar Zazzau. Muna so mu bi tarihinsa domin mu amsa tambayar da ke damun masu bi da yawa: idan mutum ya sha wahala saboda Almasihu har ƙarshen ransa, bai kuma ga amfanin wahalar da idonsa ba, me zai riƙe shi?

Asalinsa da kiransa

An haifi Walter Gowans a 1868. Iyayensa mutanen Sikotlan ne da suka yi ƙaura zuwa Kanada, suka zauna a birnin Toronto. Mahaifiyarsa, Margaret Gowans, mace ce mai addu'a, wadda ta yi renon 'ya'yanta cikin tsoron Allah. Wata 'yarta ma ta tafi aikin bishara ƙasar Sin. Walter ya yi karatu a makarantar horar da masu aikin mishan da A. B. Simpson ya kafa a New York, cikin Amurka. A can ya yi abota da wani saurayi mai suna Thomas Kent, mutumin garin Buffalo.

Nawayar da Allah ya sa a zuciyar Walter ita ce ƙasar da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani. Kada mu ɗauka ƙasar da ake kira Sudan yau kaɗai ake nufi. A lokacin, sunan ya haɗa dukan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga yamma har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarta. Ana ƙiyasin mutanen wannan yanki sun kai miliyan 60, ba kuwa tashar mishan ko ɗaya a can cikinsa. Waɗanda suka gwada kafin shi sun gamu da mutuwa. Wasu 'yan mishan na CMS sun zauna a Lakwaja a 1890 da niyyar shiga ƙasar Hausa, amma John Robinson ya rasu a 1891, Graham Wilmot Brooke kuma ya bi shi a 1892. Ke nan hanyar da Walter ya sa wa ido, kaburbura sun riga sun yi mata alama.

Ƙofofin da aka rufe masa

Wahalarsa ta fari daga wurin 'yan'uwa masu bi ta fito. Ya nemi ƙungiyoyin mishan na Amurka da Kanada su aike shi, ba wadda ta yarda. Ya ƙetare teku zuwa Ingila, can ma haka. Wasu suka ce ba kuɗi, wasu suka ce zazzaɓin ƙasar zai kashe duk wanda aka tura. Ba mugunta ce ta sa suka ƙi ba, gaskiya suka faɗa gwargwadon abin da suke gani. Amma duk wanda ya taɓa kawo nawayar zuciyarsa gaban dattawa aka sallame shi hannu wofi, ya san zafin abin.

Yana can Ingila, mahaifiyarsa a Toronto ba ta zauna haka kawai ba. A 1893 ta gayyaci wani saurayi mai wa'azi gidanta, sunansa Rowland Bingham, haifaffen Ingila, ta bayyana masa bukatar Sudan da kiran da ɗanta ya ji. Maganar ta hana Bingham sakat, har ya tashi ya bi Walter zuwa Ingila. Thomas Kent shi ma ya zo ya same su. Su uku ke nan, ba ƙungiyar da ta tsaya musu, ba albashi, ba wanda ya yi alkawarin aiko musu da ko sisi. Suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Legas ran 4 ga Disamba, 1893. Walter yana da shekara 25, Bingham kuwa bai cika 21 ba.

A Legas

A Legas ma ba su sami ƙarfafawa ba. Wani babba cikin 'yan mishan da ya daɗe a bakin teku ya gaya musu a fili cewa su ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai ko jikokinsu. Guzurinsu kaɗan ne ƙwarai, har suka sayar da wasu kayansu, suka keɓe kwanaki suna addu'a. Cikin wannan hali ne taimako ya iso musu daga Ingila, mafi yawansa kuwa daga hannun wata 'yar aikin gida ce, wadda ta sami ɗan gado ta ba da shi domin aikin. Mu lura da wannan mace. Ba ta taka ƙasarmu ba, ba ta yi wa'azi ba, amma tana da rabo cikin kowace ikilisiya da aikin nan ya haifa.

Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, har aka fid da rai da shi. A wannan lokaci ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar, sai a 1897 ne likita Ronald Ross ya gano haka. Da Bingham ya ɗan farfaɗo, suka shirya ya zauna a kudu yana karɓar saƙo yana tura musu kaya, Walter da Kent kuwa su nufi arewa.

Hanyar arewa

A 1894 ba jirgin ƙasa, ba mota, ba kwalta. Tafiya ce ta ƙafa da 'yan dako, ta ƙasar Yarbawa, a ƙetare kogin Kwara, a kai Bida ta ƙasar Nufe. Da guzuri ya yi ƙasa, Kent ya juya zuwa Legas domin ya kawo ƙari, Walter kuwa ya ci gaba shi kaɗai da 'yan rakiyarsa.

Ƙasar da ya shiga ba ta zaune lafiya. Wannan shekara ce Kano take tsakiyar Yaƙin Basasa, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, yaƙin da ya ci garuruwa da rayuka masu yawa. A yamma da Zazzau kuma mayaƙan Kwantagora suna kai hari ƙauyuka suna kama bayi. Walter ya faɗa cikin irin wannan hari. Garin da ya sauka aka kewaye shi da yaƙi, yunwa ta kama shi tare da mutanen garin, daga baya ya faɗa hannun mayaƙan, ya rasa kayan da yake musanyawa ya sayi abinci. Aka sake shi, amma jikinsa ya riga ya lalace da yunwa da ciwon ciki da zazzaɓi.

A haka ya ja jiki ya kai Zariya. Can ya tarar da wasu Turawa matafiya, suka ga halin da yake ciki, suka shirya a mai da shi bakin teku ko ya sami magani. Bai yi nisa ba. Da suka kai Girku ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ran 17 ga Nuwamba, 1894. Ba fasto a kansa, ba ɗan'uwa na jini, ba mawaƙa. Yaron da ke masa hidima, baƙin mutum ɗan Afirka, shi ya binne shi a cikin gona. Kano, babban birnin ƙasar da ya ƙaunata, tana gaba da tafiyar 'yan kwanaki, bai kuwa taɓa ganin ganuwarta ba.

Thomas Kent yana kan hanyar komowa da kaya, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Bida cikin Disamba na wannan shekara. Shekara guda ke nan da saukarsu Legas, biyu cikin uku suna kabari.

Uwar da ta karɓi kayan ɗanta

A 1895 Bingham ya koma Kanada, ya kai wa Margaret Gowans 'yan kayan da ɗanta ya bari. Iyaye mata da ke karanta wannan sun san abin da ke cikin irin wannan rana. Bingham ya ba da labari cewa ta karɓe shi, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta nuna masa cewa gara mata da Walter ya je Sudan ya mutu shi kaɗai cikin biyayya, da a ce yana gida da rai yana ƙin muryar Ubangijinsa. Ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da tara mutane suna addu'a domin ƙasar da ta cinye mata ɗa.

Walter da kansa ya riga ya auna abin tun kafin ya shiga. Cikin abin da ya rubuta ya bari, ya nuna cewa in sun yi nasara ƙofar bishara za ta buɗe ga Sudan, in kuwa sun kāsa, iyakar hasarar ita ce mutuwar mutum biyu ko uku da duniya za ta ɗauka ruɗaɗɗu ne. Ya kuma gaskata cewa mutuwa kanta ba kāsawa ba ce, tun da Allah yana aiki da mutuwar bayinsa kamar yadda yake aiki da rayuwarsu. Mutumin da ya yi irin wannan lissafi, ba yabon mutane yake jira ba.

Abin da ya biyo baya

Ba nan da nan ƙofa ta buɗe ba. A 1900 Bingham ya sāke zuwa Legas, zazzaɓi ya sāke kayar da shi, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka koma. A wannan shekara ce kuma Bishop Tugwell na CMS da Dokta Walter Miller da abokansu suka kai har Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka juya suka sauka a Girku, can kuma ɗayansu, Claud Dudley Ryder, ya rasu. Ƙaramin garin nan ya karɓi gawar bayin Allah biyu cikin shekara shida.

Sai a yunƙuri na uku aka sami wurin zama, aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan aikin da aka sani da suna Sudan Interior Mission, wato SIM, ya yi ta yaɗuwa. Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya iso a 1902, ya yi hidima har ya rasu a Jos a 1948. A 1924 aka buɗe aiki a Damagaram. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1933 SIM ta sami wurin zama a Kano, wato shekara 39 bayan an binne Walter. Bayan haka aka shiga hidimar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya fara aiki a 1943, na Galmi a ƙasar Nijar kuma a 1950. A 1954 ikilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA. Ta hannun masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda suka bi ƙauyuka da ƙafa da keke, Maganar Allah ta shiga gidajen Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, har ta iso ga iyayenmu.

Daga baya mutane sun tuna da su ukun. An sa wa gidan renon 'ya'yan 'yan mishan a Kanada sunan Gowans, makarantar Miango ta ɗauki sunan Kent, jami'ar da ke Karu kuma ta ɗauki sunan Bingham. Wannan ya yi kyau. Amma mu tuna, Walter bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ranar da ya rufe ido a Girku, abin da ke gabansa shi ne jiki marar ƙarfi, kaya sun salwanta, ba ikilisiya, ba taron masu bi, ba kuma alamar wani zai biyo sawunsa.

Ma'aunin mutane da ma'aunin Allah

A nan ne darasin yake. Sau da yawa mukan ba da tarihin nan mu ce wahalar Walter ta yi amfani tun da ga ikilisiyoyi sun cika ƙasa. Gaskiya ne, Ubangiji da kansa ya koyar a Yahaya 12:24 cewa sai ƙwayar alkama ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya masu yawa. Amma bari mu yi wa kanmu tambaya: da a ce Bingham bai sāke dawowa ba, da a ce ba a kafa Patigi ba, da Walter ya yi hasarar ransa ke nan? Littafi Mai Tsarki ya ce a'a. Karɓuwarsa a gaban Allah ba ta jira 1902 ko 1954 ba. Ta tabbata tun ranar da ya gama tserensa cikin aminci.

Mu dubi misalin talanti a Matiyu sura 25. Bawan da aka ba biyar da wanda aka ba biyu, yabo iri ɗaya maigidan ya yi musu, da kalmomi iri ɗaya, ya kuma kira su duka biyu su shiga farin cikinsa. Abin da ya yaba shi ne nagarta da aminci, yawan ribar bai bambanta su ba. Manzo Bulus ya ƙara bayyana wannan a 1 Korantiyawa 4:2-5. Abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi amintacce. Bulus bai damu da hukuncin da mutane suke yanke masa ba, ya kuma gargaɗe mu kada mu yi saurin yanke hukunci kafin Ubangiji ya zo, gama a ranar ne za a tone abin da ke ɓoye, kowa kuma ya sami yabonsa daga wurin Allah. A sura ta 3 ya riga ya ce wani yakan dasa, wani ya yi banruwa, amma Allah ne mai sa girma, kowa kuwa zai karɓi ladansa gwargwadon wahalarsa. Mu lura, gwargwadon wahalar da ya sha aka ce, ba a ce gwargwadon buhunan da aka auna ba.

Ibraniyawa sura 11 ta jera mutanen bangaskiya kashi biyu. Wasu sun ci mulkoki, sun rufe bakin zakoki, sun tsere wa kaifin takobi. Wasu kuwa an yi musu ba'a da bulala, an ɗaure su, an jajjefe su, sun yi yawo cikin jeji da kogwanni. Dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu, dukansu kuma sun mutu ba su karɓi cikar alkawarin ba, daga nesa suka hango shi. Walter Gowans yana cikin kashi na biyu, Allah kuwa ba ya jin kunyar a kira shi Allahnsu.

Wannan bege ne yake ba mai bi ƙarfin jimrewa. Bulus, wanda ya sha dūka da ɗauri da haɗarin jirgi, ya auna wahalarsa a 2 Korantiyawa 4:17 ya ce marar nauyi ce, ta ɗan lokaci ce, in an gwada ta da nauyin madawwamiyar ɗaukakar da take shirya mana. Ba wai dūkan bai yi masa zafi ba. Ya ɗora shi a ma'auni ne, ɗaya gefen kuwa ya rinjaya nesa. Ubangijinmu Yesu ma, in ji Ibraniyawa 12:2, saboda farin cikin da aka sa a gabansa ne ya daure wa gicciye, bai mai da kunyarsa komai ba.

Abin da bai kamata mu ɗauka daga tarihin nan ba

Dole mu faɗi gaskiya duka. Samarin nan uku sun shiga da ƙarancin shiri, ba su san ƙasar sosai ba, ba su kuma san yadda za su kāre kansu daga zazzaɓi ba. Waɗanda suka zo bayansu sun koyi darasi: suka riƙa shan maganin kwinin a kai a kai, suka kafa majalisar da za ta tsaya wa ma'aikata, mutuwa kuwa ta ragu ƙwarai. Saboda haka kada wani ya ce bangaskiya ita ce ƙin zuwa asibiti, ko ƙin kwana cikin gidan sauro. Kada kuma ikilisiya ta tura mai bishara ƙauye ta manta da shi, tana cewa ladansa yana sama. Ladansa yana sama tabbas, amma hatsinsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa suna wuyanmu. Mai bi ba ya farautar wahala. In ta same shi a kan hanyar biyayya, sai ya daure.

Haka kuma begen sama ba hanya ba ce ta sayen ceto. Walter bai sami karɓuwa domin ya mutu a Girku ba, jinin Almasihu ne ya karɓe shi, kamar yadda ya karɓi kowane mai tuba. Lada da yabon da muke magana a kai, kyautar Uba ce ga 'ya'yan da ya riga ya karɓa ta wurin alheri.

Sai mu yi hankali kuma da koyarwar da ta cika gari yanzu, mai cewa duk wanda yake da bangaskiya ba zai yi ciwo ko talauci ba, wanda kuwa yake shan wahala akwai zunubi ko la'ana a kansa. In aka auna Walter Gowans da wannan ma'auni, sai a ce Allah ya yashe shi. In aka auna Bulus da Istifanas da shi, su ma haka. Koyarwar da ta kāsa ɗaukar kabarin Girku, ba za ta iya riƙe mu a ranar baƙin ciki ba.

Gare mu a Kura da Bunkure

Manoman rani sun fi kowa sanin cewa wahala da riba ba kullum suke tafiya tare ba. Mutum yakan ci bashin taki da iri, ya kwana a gona yana jiran layin ruwa, musamman in gonarsa tana can ƙarshen hanyar ruwan. Tumatir ya nuna, ya kai Kwanar Gafan, ya tarar kasuwa ta cika, kuɗin kwando bai biya ko na mota ba. Waɗanda suka yi noma a 2016 ba su manta da tsutsar da ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan kwanaki ba. Wanda ya yi aikinsa da kyau da wanda ya yi sakaci, duka ta shafe su. A kasuwar duniya ba a tambayar yawan zufan da ka zubar, abin da ke cikin kwando kawai ake dubawa. A gaban kursiyin Almasihu kuwa ba zufan da zai faɗi ƙasa a banza.

Saboda haka muna magana da kai, mai bishara, da kake ƙauye shekara da shekaru, masu sujada ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kana jin kunya in an zo ba da rahoto a taro. Ubangiji bai ce ka kawo masa lamba ba, amana ya ba ka. Muna magana da ke, mama, da kika rasa miji, kina fama da marayu, kina kuma zuwa zumuntar mata ba fashi, ba wanda ya taɓa kiran sunanki a gaban jama'a. Wanda ya ga 'yar aikin gidan nan ta Ingila yana ganinki. Muna magana da kai, saurayi, da aka juya wa baya a gida ko a wurin neman aiki saboda sunan da kake ɗauke da shi. Manzo Bitrus ya ce bangaskiyar da aka gwada da wuta za ta zama abin yabo da ɗaukaka da girma a ranar bayyanar Yesu Almasihu, mu duba 1 Bitrus 1:7.

Wannan bege kuma yana tsare zuciya daga ɗaci. Wanda ya san shari'arsa tana hannun Allah ba ya bukatar rama mugunta. Muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi, hanyar ruwa ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, wasunsu ma danginmu ne na jini. Walter ya zo ƙasar nan ne saboda ƙaunar mutanenta, mahaifiyarsa kuma ta ci gaba da yi musu addu'a bayan ta rasa shi. In mun ce mu 'ya'yan wannan aiki ne, sai a ga irin wannan hali a wurinmu: gaskiya a ma'auni, biyan bashi a kan lokaci, barin ruwa ya wuce wa na ƙasa da mu, da amsa mai taushi ga wanda ya zage mu. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mai bi yana da abin da ya fi haka, gama ko bai sha romon a nan ba, an ajiye masa.

Yakubu 5:7-8 ya ce mu dubi manomi, yadda yake jiran amfanin gona mai daraja da haƙuri, mu ma mu ƙarfafa zukatanmu, gama zuwan Ubangiji ya kusa. Wataƙila wasunmu za su ga amfanin wahalarsu tun a nan, kamar Bingham, wanda ya rayu har 1942 ya ga ɗaruruwan ma'aikata a filin da abokansa suka mutu. Wataƙila wasunmu kuma rabon Walter ne namu, mu haƙa hanya wani ya sha ruwan. Ba mu ne muke zaɓa ba. Abin da ke hannunmu shi ne a same mu a bakin aiki. Yahaya 4:36 ya tabbatar mana cewa mai shuka da mai girbi za su yi farin ciki tare, ranar nan kuwa tana zuwa.

Ya Uba, mun gode maka saboda bayinka da suka riga mu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka ƙarfafa masu bishararmu, da gwauraye, da marayu, da manoman da suka yi hasara, da duk wanda ake tsananta wa saboda sunanka. Ka kawar da idanunmu daga yabon mutane, ka sa mu yi marmarin yabonka kaɗai, mu riƙe amana har ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.